Tankaɗen Labari a Kafanchan

Mun bar Zariya ana idar da sallar asuba, ni da wani abokin aikina da ya yarda ya tuƙa ni bisa sharaɗin kada in yi masa zancen adabi a hanya. Wata ƙungiya ce ta matasa masu rubuta ƙagaggun labarai a Kafanchan ta gayyace ni in halarci zamanta na ranar Asabar, in saurari abin da suke rubutawa, in tofa albarkacin bakina. Na daɗe ina koyar da rubutun zube, amma wannan ne karo na farko da zan zauna da marubutan kudancin jiharmu.

Muka ratsa Kaduna kafin gari ya cika, muka kama hanyar Kachia. Damina ta kusa ɗaukewa, ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum, duwatsu sun yi kore shar. Ƙasa ce mai kyawun gani, sai dai matafiyi ba ya samun natsuwar kallonta. Daga Kujama zuwa gaba shingayen jami'an tsaro suka yi ta tare mu, kuma a tsakanin shinge da shinge akwai gidaje nan da can da ba su da rufi, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Abokina mai yawan barkwanci ne, amma a wannan yankin ya kashe rediyo, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

A Kachia muka karya da shayi da soyayyiyar doya. Kuɗin da muka biya, a 'yan shekarun baya zai ciyar da mu har da mai shayin. Iskar garin ƙamshin citta take yi, amma wani dattijo da muka zauna benci ɗaya da shi ya ce ƙamshin ne kawai ya rage, domin tun shekarar da cuta ta ruɓar da gonaki, citta ta yi daraja a lokacin da babu ita a hannun wanda ya noma ta. Muka wuce Zonkwa, duwatsun Kagoro suka bayyana da gajimare a kansu, muka shiga Kafanchan kafin azahar.

Gari ne da jirgin ƙasa ya haifa, ya kuma tafi ya bari. Tsofaffin taragu na tsaye a kan dogo, tsatsa ta cinye su, awaki na kwance a inuwarsu. A cikin tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ake yin zaman, a barandar wani saurayi mai suna Emeka, wanda kakansa ya zo daga kudu maso gabas yana aikin dogo, zuriyarsa ba ta koma ba. Na tarar da samari da 'yan mata sun cika barandar, wasu a benci, wasu a kan dakali. Shugabansu, Awwal, mai gyaran waya ne a kasuwa. Shi ya bayyana mini dalilin zaɓen Asabar: Juma'a ta masallaci ce, Lahadi ta majami'a, Asabar ce kaɗai ba ta da mai ita. Wata yarinya ta buɗe da addu'a cikin sunan Yesu, aka ce amin. Wani yaro ya yi fatiha, aka shafa. Mahaifiyar Emeka ta kawo mana faten acca da yakuwa a babbar roba, kuma ban ga wanda ya tambayi a wace tukunya aka dafa ba.

Kafin karatu sai da suka zazzage mini kokensu. Babu mai buga littafi a kusa. A waya suke rubutu, da babban yatsa, idan an sami wuta. Suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan sada zumunta, masu karatu su yi ta zagin marubuci idan ya makara, amma da an ambaci sayen littafin sai zaure ya yi tsit. Wata ta ce ta ji ana karanta labarinta a bidiyo da sunan wani. Wani ya ce idan ya rubuta da Hausa, mutanen arewa su ce Hausar ba ta nuna ba. Idan ya rubuta da Turanci, mutanen Legas ba su san akwai shi ba. Iyaye kuwa, a wurinsu duk wannan zaman kashe wando ne. Na saba jin irin wannan a Zariya da Kano, na kuma tanadi amsoshinsa. Abin da ban tanadar wa komai ba shi ne al'adar da suke kira tankaɗe.

Ga yadda take. Duk wanda ya gama labari, ba zai sake shi ba sai ya karanta a gaban ƙungiya, a bi shi layi-layi a cire sunan gari, da sunan ƙabila, da duk abin da zai nuna addinin mutum, idan labarin ya taɓa rikici. Wanda ya saki labari ba tankaɗe, ya fita daga ƙungiya ke nan. Awwal ya ce dokar ba daga sama ta faɗo ba. Wani ɗan ƙungiyar ya taɓa sakin labari, aka ɗauki hoton rabin shafi, aka yanke inda mugun cikin labarin ke magana, aka yaɗa a matsayin ra'ayin marubucin. Kafin mako ya zagayo yaron ya bar garin, har yau bai dawo ba.

Emeka ya ce, "Oga, ni fa labarin soyayya na kawo, suka tankaɗe shi. Saurayi ba unguwa, budurwa ba suna, sai ka ce aljanu ne ke neman aure."

Aka yi dariya, Awwal ya ce, "Kai naka ko ba a tankaɗe ba dusa ce."

Sannan aka kira Rahila, malamar firamare da ke zuwa daga Kwoi kowace Asabar a kan babur na haya. Ta miƙe da wayarta mai fasasshen gilashi ta fara karatu, da irin Hausar nan ta kudu da ba ta cika raba namiji da mace ba. Labarin wata mata ce, 'yar zumuntar mata a majami'ar ƙauyensu, wadda hari ya rutsa da ita a hanyar gona. Ta gudu ta faɗa rugar da ke bayan rafi, domin nan ce kusa. Wata Bafillatana da ta saba kawo mata nono ta tura ta ƙarƙashin gado, ta jera ƙore a gaba, ta zauna a bakin ƙofa tana burga nono har masu nema suka wuce. Rubutun ba shi da ado. Akwai inda matar da ke ƙarƙashin gado ba ta ganin komai sai dunduniyar mai ɓoyonta, tana rawa a kan ƙasa alhali hannun bai fasa burgar ba. Na karanta rubutun ɗalibai masu yawa, ban cika cin karo da jimla irin wannan ba.

Da ta gama aka yi tafi, sannan Awwal ya fara aikinsa. A cire ruga, a ce wani gida. A cire nono da ƙore. A cire zumunta da majami'a. A cire sunan ƙauyen da na rafin.

Rahila ta ce, "Shugaba, in ka cire wannan duka, me ya rage? Wata mata ta ɓoye wata mata. Mama na ne fa ya kwanta a ƙarƙashin gadon nan. Shi ya ce in rubuta, mutane su san wanda ya cece shi."

Awwal ya ce, "'Yar'uwa, na ji. Amma matar nan tana da rai ko ba ta da shi? Har yanzu tana kawo nono kasuwa?"

"Tana kawowa."

"To rabin shafi ya isa. Wasu su ce ta ci amanar nata, wasu su ce ai ta san masu harin tunda sun wuce ƙofarta. Ke kina Kwoi da alli a hannu, ita tana bakin rafi."

Sai duk suka juyo gare ni. Na yi magana mai tsawo a kan hikimar sakaya zance, da yadda gwani ke nuna abu ba tare da ya kira sunansa ba. Ina cikin yi na ji muryata ta koma irin ta aji. Awwal ya jira na kai aya, cikin ladabi ya ce, "Malam, Allah ya ƙara sani. Amma a cire ko a bari?"

Ban iya cewa a bari ba, domin gobe zan koma Zariya, kuma babu abin da zai biyo ni. Ban iya cewa a cire ba, domin na san abin da zai mutu. Na ce hukunci na wanda zai ɗauki haɗarin ne. Magana ce mai kama da hikima, amma abin da ta yi shi ne ta mayar wa yarinyar da kayanta a ka. Aka ba ta zuwa gobe: ko ta tankaɗe, ko ta saki labarinta cikakke ta bar ƙungiya. Ruwa ya tsuge, aka watse kafin magariba.

Washegari Lahadi garin ya cika da ƙarar ganguna da waƙoƙin sujada, mata cikin anko suna tafe da littattafan waƙa a hannu. Muka yanke shawarar komawa ta Kwoi, saboda haka muka jira Rahila, wadda ruwan jiya ya sa ta kwana a garin, ta fito daga majami'a muka rage mata hanya. Titin ya farfashe, babura sun fi motoci yawa, gonakin citta na dama da hagu, wasu an mayar da su na masara. Ta yi ta nuna mana makarantu da majami'u, ba ta taɓo zancen jiya ba sai da rufin kwanon garin ya fara bayyana.

Ta ce, "Baba, zan tankaɗe."

Na tambaye ta ko maganar Awwal ce ta rinjaye ta. Ta ce rabi. Ɗaya rabin kuwa, a duk duniya mutanen barandar nan ne kaɗai ke karanta rubutunta har ƙarshe, kuma su kaɗai ne idan ta yi fashin Asabar za su buga waya su ji ko lafiya. Idan ta bar su, ta sami labarinta, amma wa za ta karanta wa na gaba? Na ce mahaifiyarta fa? Ta ce za ta gaya mata an karanta, an yi tafi, kuma wannan ba ƙarya ba ne. Muka sauke ta a gindin wata bishiyar mangwaro, ta durƙusa ta yi godiya, ta hau babur.

Kafin mu kai Kachia saƙo ya shigo wayata, an saki labarin a zauren ƙungiya. Na karanta shi muna jiran a zuba mana mai. A wani gari, wata mata ta gudu ta shiga wani gida, wata maƙwabciya ta ɓoye ta. Dunduniyar tana nan tana rawa, amma hannun ba ya burga komai, an ce kawai matar tana aikinta. Masu karatu uku suka yaba, ɗaya ya tambayi yaushe za a saki na soyayya. Abokina ya dube ni ya ce ko in karya sharaɗin in yi zancen adabin, na ce a'a.

Mun iso Zariya da la'asar sakaliya, na sami iyali lafiya. Na tafi da zaton cewa abin da ke damun matashin marubuci shi ne rashin mai bugawa da rashin mai saye, na dawo da sanin cewa akwai wuraren da mutum ke biyan kuɗin zama da 'yan'uwansa da mafi kyawun abin da ya rubuta. Ban ga laifin Awwal ba. Barandar da yake karewa tana cikin wurare ƙalilan da na ga an ci abinci a roba ɗaya ba tare da an ƙirga su wane ne ba. Ban kuma yarda cewa abin da aka saki shi ne labarin ba. Na kasa haɗa waɗannan biyun, kuma ban tabbata shekaru hamsin da karatun jami'a sun ba ni abin haɗa su ba.

Na nemi izinin Rahila kafin in rubuta wannan. Ta ce in bar rugar a ciki, in bar nonon, tunda nesa nake kuma masu karanta ni ba 'yan kasuwarsu ba ne. Da na zo kan sunan ƙauyen da na rafin, na rubuta su, na daɗe ina dubansu, sannan na goge. Rahila ma ba sunanta ba ne, kuma ba a Kwoi take koyarwa ba.