Yoyon Ruwan da Ya Tsayar da Mu a Gonin Gora

A tsakiyar shekarun tamanin ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, muna zaune a Makera a wani gidan haya mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ina da wata tsohuwar mota launin toka, wadda na saya a hannun abokin aikina da ya bar gari. Ba mota ce ta nuna wa jama'a ba, amma tana tashi da safe, tana kai ni inda nake so.

A wannan lokacin ne aka kawo mini Baba daga garinmu, can ta wajen Jere, shi da Inna mahaifiyata. Manomi ne tun tasowarsa, mutum mai ƙarfi wanda ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba. Ciwo ya kama shi a ciki, ƙafafunsa suka kumbura, idonsa ya yi rawaya. Muka yi ta zirga-zirga tsakanin Makera da asibiti a ƙetaren kogi, har wata rana likita ya ja ni gefe ya ce mu ci gaba da ba shi magani a gida, mu bar shi ya ci abin da ransa ke so. Na gane abin da yake nufi. Baba ma ya gane, ko da yake ba a gabansa aka faɗa ba.

Daga nan ya fara maganar gida. Da farko a fakaice, yana tambayar ko an share gonar fadama, ko ƙanensa ya gyara dangar baya. Daga baya ya fito fili. Wata safiya ina shirin fita aiki ya kira ni, ya ce na zauna a bakin katifarsa.

"Ka mayar da ni gida," in ji shi. "Ba na son a kai ni. Ina so in je da idona biyu."

Na ce to, ranar Lahadi in Allah ya kai mu, tunda ita ce ranar hutuna.

A lokacin motar ta ɗan jima tana wani kuka a gaba, kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Ban so in ɗauki marar lafiya a kanta haka ba, sai na kai ta wurin bakanikena a Nasarawa. Mutumin kudancin jihar ne, Kirista, ya girme ni da 'yan shekaru. Ni ina ce masa Oga, shi yana ce mini Malam, kuma tun da na sayi motar babu wanda ke taɓa ta sai shi. Ya saurari injin, ya kama fanka ya girgiza, ya ce famfon ruwa ne ya gaji, wato abin da ke zagaya da ruwa tsakanin lagireto da inji don kada ya yi zafi. Ya ce a cikin gari zai iya jan lokaci, amma ba zai ba ni shawarar hawa doguwar hanya da shi ba.

Shekarun nan kayan mota sun yi wuya, na kirki sun ɓuya, jabu ya cika kasuwa. Tare muka je shagunan masu kayan gyara. Oga ya juya wannan, ya ajiye wancan, har ya zaɓi wani sabo fil a cikin kwalinsa, yana ƙyalli. Ranar Juma'a ya ɗaura shi, ya cika lagireto, ya tayar da inji. Kukan ya ɗauke. Na koma gida da sauƙin zuciya, na gaya wa Baba mota ta shirya.

Ranar Asabar da safe matata tana shara a ƙofar gida ta ce mini akwai jiƙa a ƙarƙashin motar. Na durƙusa na leƙa. Ƙasa ta yi duhu daidai gaban inji, faɗin faifai. Na sa yatsa na shinshina, ba mai ba ne, ruwa ne mai ɗan launin tsatsa. Na koma Nasarawa. Oga ya duba tiyo, ya ƙara ɗaure notuna, ya bar injin yana aiki muna tsaye muna kallo. Ko ɗigo bai sauka ba. Ya ce mai yiwuwa ragowar ruwan da ya zube jiya ne ya taru a wani lungu. Duk da haka ya ce in riƙe jarka cike da ruwa a but ɗin motar, in riƙa duba allurar da ke nuna zafin inji.

Lahadi muka tashi da hantsi, don sai da aka yi wa Baba wanka aka lallaɓa shi ya sha kunu. Lokacin bazara ne, tun kafin rana ta yi tsaka kwalta ta fara tururi. Muka shimfiɗa masa bargo a kujerar baya ya kwanta, kansa a kan cinyar Inna. Ya sa an ɗauko masa farar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ce ba zai shiga garinsu da kayan jinya ba. Na daɗe ban ga fuskarsa a sake kamar ranar ba. Da muka wuce Kakuri har yana tsokanar Inna, wai ta yi ƙiba da shinkafar birni.

Ba mu yi nisa ba na ga allurar ta fara hawa. Na rage gudu, ta ci gaba da hawa. Muna shiga Gonin Gora wani wari mai ɗumi ya cika motar, sai ga tururi yana fitowa ta gefen bonet. Na gangara gefen hanya na kashe inji. Da na sauka na ji sautin ruwa yana zuba a kan tsakuwa, ba ɗigo ba, zirara sosai.

Na jira ya huce, na buɗe lagireto da tsumma, na juye jarkar gaba ɗaya. Ina tsaye ina kallo ruwan da na zuba ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin sabon famfon nan.

Wata mata mai sayar da doya a bakin hanya ta ga halin da muke ciki. Ta leƙa ta taga, ta ga tsoho a kwance, ba ta tambayi komai ba ta ce mu fito da shi, motar za ta dafa shi. Tana da rumfar zana a bayan tulin doyarta. Ni da wani direba da ke cin abinci a kusa muka ɗauko Baba muka kwantar da shi a kan tabarmarta. Ya yi nauyi a ƙafa, ya yi sakayau a kafaɗa. Matar ta kawo ruwan randa, Inna ta jiƙa gefen mayafinta tana shafa masa a goshi.

Na tambayi ko akwai bakanike a wurin, aka ce akwai amma yau Lahadi, ya rufe. Na tsaya a bakin titi ina ɗaga wa motocin haya hannu. Duk wadda ta zo daga Kaduna a cike take, mutum a kan mutum, babu inda za a kwantar da marar lafiya. Wani mai babbar mota ya tausaya ya ce mu hau baya a kan buhuna. Na dubi tsayin motar, na dubi rana, na yi masa godiya.

Ban ga wata dabara ba sai in koma in ɗauko Oga. Barin su a wurin ya yi mini wuya ƙwarai. Na gaya wa Inna ba zan daɗe ba, na tsallaka titi na shiga bas mai komawa gari. Duk tsawon hanyar ina ganin kamar direban da gangan yake tsayawa ɗaukar fasinja.

Garejin a rufe yake. A gidansa aka ce yana coci. Na je na tsaya a bakin ƙofa, ban san yadda ake kiran mutum daga ciki ba, sai wani dattijo mai tsaron ƙofar ya tambaye ni, ya shiga ya raɗa masa. Oga ya fito da farar shat da takalmi mai sheƙi. Yana ganin fuskata bai bari na gama bayani ba. Ya tambaya ina Baba yake, na ce a Gonin Gora, a rumfar mai doya. Muka biya gida ya ɗauki jakar sifanu da jarka biyu, ko kaya bai canza ba, ya goya ni a babur ɗinsa.

Mun tarar da Baba a farke, amma numfashinsa ya sauya, yana ja da ƙyar. Oga ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar da farar shat ɗin nan. Ya ce in zuba ruwa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya kira ni gefe ya nuna mini wata 'yar huda a ƙasan famfon, ya ce ta nan ruwan ke fita, kuma in ruwa ya fito ta nan, robar da ke ciki ce ba ta riƙewa. Ba ɗauri ba ne, ba tiyo ba ne, famfon ne kansa ba shi da kyau. Jiya da injin ke aiki a tsaye bai nuna ba, sai da ya ɗauki zafi a hanya. Na tambaye shi tsohon fa, a mayar da shi mana, ko da kukan nasa. Ya kawar da kai ya ce tun jiya masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe shi. Shagunan kayan gyara kuwa ba sa buɗewa sai Litinin.

Ashe Baba yana jin mu. Ya ɗaga hannu, muka matsa kusa.

"Ruwa ne fa kawai take so," ya ce. "Ku cika jarkokin mu tafi. In ta sha, ku ƙara mata."

Oga ya ce masa a hankali, da ladabi, cewa yoyon ƙaruwa yake yi, kuma gaba akwai dogon daji da babu gida babu rijiya. In injin ya ƙone a can, babu rumfa irin wannan. Baba bai dube shi ba, ni yake kallo. Ya ce shi ya san hanyar nan tun ana bin ta da ƙafa, ya san inda rafi yake. Na ce masa rani ne, rafukan sun ƙafe. Ya ce ba duka ba.

Ban taɓa yi wa mahaifina musu ba, kuma a ranar ma ban iya cewa a'a ba. Na tsaya kawai da jarka a hannu. Raina ya rabu. Na san in na juya da shi ba lallai a sake samun wata Lahadin ba, kuma na san in na ci gaba zan iya tsayawa da shi a tsakiyar daji da rana tsaka, ni da tsohuwa. Har na fara tambayar mai doyar inda zan cika jarkoki.

Inna ce ta yanke maganar. Ta ce kunun da ya sha da safe ya dawo bayan tafiyata, jikinsa kuma ya yi zafi fiye da na kullum. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi Baba ba.

"Ka mayar da mu Makera," ta ce. "In laifi ne, nawa ne."

Baba ya rufe ido.

Komawar ta fi zuwan tsawo nesa ba kusa ba. Ina tafiya a hankali, Oga yana bin mu a baya da jarkoki ɗaure a babur. Da allura ta fara hawa sai in tsaya, mu jira inji ya huce, mu zuba ruwa, mu ci gaba. Baba ya juya fuskarsa ga jingin kujera. Farar rigarsa ta jiƙe da gumi, ta kwashi jar ƙasar rumfa. A wata tsayawa da muka yi kusa da Kakuri na ji Inna tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, bai amsa ba.

Washegari Oga ya cire famfon ya kai wa mai shagon. Na ji labari sai da aka raba su. Ya samo wani a wani shago dabam, ya ɗaura, ya zaga da motar har bayan Gonin Gora ya dawo, ya ajiye ta ta kwana a kan busasshen siminti don ya tabbatar. Babu ko ɗigo. Amma kafin ya kawo mini ita an riga an kwantar da Baba a asibiti, an sa masa ƙarin ruwa. Da aka sallame shi ko zama ba ya iyawa, likita ya ce kada a motsa shi zuwa ko'ina.

Ya ƙara wasu makonni tare da mu. Yana karɓar magani, yana amsa gaisuwa, yana sallah a kwance. Maganar gida ce bai sake yi ba. Da Inna ma ya koma magana, sai dai gajeru. Sau ɗaya kawai, ina gyara masa matashi, ya tambaye ni ko motar tawa ta warke. Na ce ta warke, Baba. Ya ce to madalla.

Ya rasu a farkon damina, aka binne shi a Kaduna. Ƙanensa da ya zo daga gida ya ce a gaban mutane da ma mun kawo shi gida tun da wuri, ya faɗa har sau biyu. Oga ya zo zaman makoki kowace rana, yana zama can ƙarshen tabarma. A rana ta ƙarshe da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce shi ya zaɓi famfon nan da hannunsa. Na ce tare muka zaɓa, kuma ajali ba ya cikin kwali. Ya gyaɗa kai, amma na ga bai karɓa ba.

Bayan ta gama takaba Inna ta koma gida wurin ƙannena. Ta rayu shekaru da dama bayan haka, ina zuwa ina gaishe ta duk sallah. Mukan yi hirar Baba sosai, gonarsa da faɗansa da yadda yake son miyar kuka, amma ranar Gonin Gora ba mu taɓa tayar da ita ba, ni da ita. Har yau ban san ko ta yi nadamar abin da ta ce ba, ni ma kuma ban san inda zan kai mu ba da ta yi shiru.