Shanun Sakwara

Shekara goma sha tara muna gida ɗaya da Alisabatu a Shango, ɗakinta yana kallon nawa, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Faɗan da muka yi ya fi a ƙirga, kuma rabinsa ni na tsokano, don ni ba a taka ni in yi shiru. Amma ko muna tsakiyar gaba ban taɓa hana 'ya'yana zuwa ƙofarta ranar Asabar ba. In ma na hana, wa zai saurare ni?

'Yar Gbagyi ce daga Garatu. Ubanta manomin doya, uwarta mai ginin tukwane, ita kuma ta gaji hannun uwar. Hausarta dai sai haƙuri, kowa namiji ne a bakinta, ni ma "kai" take ce mini har yau. Na yi gyara na gaji. Ta auri Irimiya, wani bakanike, ya rasu ya bar ta da Sandra, wadda yanzu take aure a Abuja. Shi ya sa muke ce mata Maman Sandra, yara kuma Gwaggo.

Akwai ɗa kafin Sandra, Josiah. Wannan sai da muka shekara shida tare kafin ta ambace shi. Ƙyanda ce ta kama shi yana ɗan shekara uku, bakinsa ya yi gyambo, ya ƙi abinci. Tsofaffi suka ce a yi masa ɗure, ta danne shi tsakanin cinyoyinta, ta toshe masa hanci tana zuba kunu, safe da yamma. Ta ce mini, "Maman Uthman, yaron nan ya mutu yana juya mini fuska. In ya ga hannuna sai ya yi kuka." Daga ranar ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara tilasta wa yaro cin abinci ba, sai dai ta yaudare shi ya ci da kansa.

Da wannan yaudarar ta yi aikin girki shekara goma sha huɗu a wata makarantar yara ƙanana, har gwiwoyinta suka ƙi tsayuwa ta dawo gida. A gida ma ba ta huta ba. Duk Asabar da hantsi za ta shimfiɗa buhu a ƙofarta, ta ajiye bokitin ruwa da sabulu, yaran gida da na maƙwabta su zagaye ta. Tuwon shinkafa ta mulmula shi ya zama kunkuru, ta jera ganyen zogale a bayansa. Dafaffiyar doya ta yanka da murfin kwalba, ga tayoyin mota. Awara ta fitar da kifi da bakin gwangwanin tumatir, ƙuliƙuli tun yana ɗanye ta ba su su murza maciji kafin a soya. Ido kuwa wake ne, ƙaho karas. Uthman ɗina, wanda ko ganin miyar ganye ya yi sai ya ɓata rai, na kama shi da idona yana lashe bayan kunkuru. Haushi ya kama ni ranar, ban ɓoye ba.

Dokokinta uku ne. A wanke hannu. Abin da ka gina kai za ka ci. Sannan ba a gina mutum. Ko yaro ya fara yi wa malmala hannu da ƙafa sai ta murƙushe ta ce, "Ba a koya wa yaro cin mutum." Ta ce uwarta ma ba ta taɓa gina mutum da yumɓu ba.

Akwai kuma wasan rufewa. In faranti ya zama wayam sai ta buɗe ido kamar ta yi mamaki ta ce, "Kunkuru fa? Ina ya tafi?" Yara su bugi ciki su amsa baki ɗaya, "Ya shiga gida."

A daminar shekarar dubu biyu da ashirin da biyu mai gidan da muke haya ya kawo wata Bafulatana, Farida, ya ba ta ƙaramin ɗakin da ke kusa da ɗakin ajiya. Daga wata ruga ta fito can bayan Wushishi. 'Yan bindiga sun zo musu a kan babura da la'asar, sun kora shanu, mijinta Garuba ya bi su da sanda suka harbe shi a gaban gida. Ta zo da ƙullin kaya ɗaya da 'yarta Samira, 'yar shekara huɗu. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa lokacin da abin ya faru.

Samira ba ta kuka, ba ta ɓarna, amma ba ta ci. Ruwa take sha, sai ɗan kurɓin nono in uwar ta matsa. Farida ta gwada ɗure, yarinyar ta amayar har da jini a hanci. Da muka raka su asibitin unguwa, ma'aikaciyar ta naɗa mata tef a damtse, ya tsaya a kan ja, alamar haɗari. Ta ba su ƙullun gyaɗa irin na asibiti a 'yan ledoji, ta ce a dawo bayan kwana goma, in ba ta ƙaru ba sai kwanciya da roba ta hanci, kuma ta faɗa mana gaskiya cewa ba duk wanda ya kai wannan matakin yake tashi ba. Gyaɗar ma Samira ta kawar da kai.

Farida ta samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci, tana fita da safe sai magariba. Alisabatu ta ce, "Ka bar mini yarinyan. Zai ci."

Ta yi tunani irin nata. 'Yar Fulani, me ta sani, me take so? Ta daka sakwara mai laushi, ta cuɗa gyaɗar asibitin a ciki, ta gina saniya da ƙaho na karas. Ina zaune a kan keken ɗinkina ina kallo. Yarinyar da ta yi wata guda ba mu ji muryarta ba ta matso, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce a hankali, "Babu tozo."

Alisabatu ta tsinko sakwara ta ɗora tozo. Samira ta ɗauki farantin da hannu biyu ta shige ɗakin ajiya, ta tura ƙofa. Na miƙe zan bi ta, Alisabatu ta riƙe mini zani. Daga baya da Farida ta dawo aiki ta ce mu ƙyale ta, su a wurinsu ba a cin abinci a gaban mutane, kunya ce, ko ita ba ta taɓa ci a gaban surukarta ba. Muka ce to, madalla, ashe kunyar Fulani ce ta hana ta ci tun farko. Wallahi har daɗi muka ji da muka gano dalili.

Samira kuwa ba ta jima da shiga ɗakin ba sai ga ta ta fito da faranti babu komai. Alisabatu ta buɗe ido ta ce, "Saniya fa? Ina ya tafi?"

Samira ta ce, "Ta shiga gida."

Ba ta bugi ciki ba. Mu duka biyun mun gani, babu wadda ta kawo komai a ranta.

Kwana tara ana haka, sau uku a rana. Yarinyar har oda take bayarwa, yau ja take so, sai a sa manja, gobe mai ɗan maraƙi. Tana kiran su da sunaye na Fillanci waɗanda harshena bai iya juyawa. Alisabatu ta riƙa tafiya a tsakar gida kamar wadda ta ci zaɓe, ta je coci ta ba da shaida. Ni na ga wuyan yarinyar yana ƙara tsawo, na ga ƙafafunta sun fara kumbura, na ce wa kaina ƙiba ce ta fara daga ƙasa. Son zuciya ne kawai, ba na son in zama mai ɓata wa mutane farin ciki, ni da aka sani da baki.

Rana ta goma da safe na shiga ɗakin ajiya ɗebo gawayi. Wari ne ya fara tarbe ni, sai layin tururuwa. Na ja buhun gefe.

Suna nan a jere a bayan buhun, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Ta kakkarya tsinken tsintsiya ta yi musu shinge, ta ware maruƙa a gefe guda kamar yadda ake yi a ruga, ta ajiye musu ruwa a murfin kwalba. Na farkon sun yi baƙi sun tsage, fumfuna ta rufe su, na jiya kuma har yanzu da sauran laushi. Na kira Alisabatu da muryar da ban san ina da ita ba.

Ta zo ta tsaya tana kallo. Samira ta biyo ta, ta ratsa tsakaninmu ta tsuguna ta tare shingen da hannuwanta.

Alisabatu ta durƙusa da waɗannan gwiwoyin nata ta ce, "Samira, me ya sa ba ka ci ba?"

"Ba a cin su. Na Baffa ne. In ya dawo zai ƙirga." Baffa take ce wa ubanta.

A asibiti ranar awo ya nuna ta ragu. Babu gado sai bayan kwana uku, aka rubuta mana takarda aka ce mu dawo Litinin. Alisabatu ta dawo gida ta shiga gina duk abin da ta iya, kifi, kunkuru, mota, zakara. Samira ko kallo ba su ishe ta ba. Ta kwanta a kan tabarma fuskarta na kallon ɗakin ajiya, numfashinta sama-sama.

Ranar Asabar yara suka zo kamar kullum, Alisabatu ta sallame su. Muna zaune mu biyu da turmi a gabanmu, sakwara tana hucewa. Ni kuma na fara zage-zage, na zagi 'yan bindiga, na zagi masu sayar musu da mai, na zagi kaina. Cikin wannan haukan na ce, "Abin da take so ba za ta ci ba, to ki gina mata abin da ta tsana mana. Gina mata matsiyatan da suka kashe ubanta."

Ba da gaske na faɗa ba, Allah ya sani. Baki ne kawai.

Alisabatu ta ce, "Ba na gina mutum."

Na ce, "To zauna da dokarki, Litinin ma ba lallai ta kai ba."

Mugun abu na faɗa, kuma na san inda zai soke ta. Ta dube ni, ta dubi yarinyar a kan tabarma, ta daɗe. Sannan ta tashi ta wanke hannu. Ta yanka doya da murfin kwalba, taya biyu. Ta cuɗa gyaɗa a sakwara ta yi jikin babur, ta ɗora mutum a kai, ta naɗa masa ganyen alayyahu a ka ya rufe fuska, ta saɓa masa siririn karas a baya. Abin ya fito sak, har ni sai da gabana ya faɗi. Ta ajiye farantin kusa da tabarma.

Samira ta juyo. Ta tashi zaune da ƙyar. Wannan karon ba ta nemi ɗakin ajiya ba, ba ta ji kunyar kowa ba. Ta ɗauke mutumin daga kan babur ta gatsa kansa, ta tauna tana kallon bango, ta cinye shi har bindigar. Ta ce, "Su da yawa ne."

Alisabatu ta gina wani. Samira ta ci huɗu a ranar.

Ranar Litinin ma'aikaciyar ta ce tunda ta fara ci a ci gaba a gida. Bayan wata biyu tef ya bar ja, kumburin ƙafa ya saɓe. Farida ta kawo wa Alisabatu man shanu a kwalba tana kuka tana godiya, mutanen unguwa suna ta cewa hannun Maman Sandra akwai albarka. Yarinyar tana nan da rai, yanzu har makaranta take zuwa, kuma ni ce ta farko da zan ce gara haka sau dubu.

Amma Alisabatu ba ta ƙara shimfiɗa buhun Asabar ba. Yara sun yi ta zuwa suna leƙe har suka gaji. Na ba ta haƙuri a kan maganata, ta ce ba ni ba ce. Da na matsa sai ta faɗa mini abin da ni ma na ji da kunnena a waccan Asabar ɗin, na yi kamar ban ji ba.

Da Samira ta gama na huɗun, faranti ya zama wayam, Alisabatu ba ta buɗe ido ba, ba ta yi tambayar da ta saba ba. Yarinyar ta jira, da ta ga ba za a tambaya ba sai ta ɗora hannu a kan cikinta ta buga sau biyu, yadda ta ga sauran yara suna yi.

Ta ce, "Gwaggo, sun shiga gida."

Alisabatu ta tashi ta tafi bakin famfo. Tana nan tana wanke hannu har ruwan ya ɗauke.