Ranar da Ba-Zama Ta Kawo Kwalbar Ɗaliba

A asibitinmu ba wanda ya taɓa ganinta a zaune, shi ya sa muke ce mata Ba-Zama. Aikinta kawo kwalaben naman da aka yanko a jikin marasa lafiya daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin gwajinmu, hawa uku a ƙafa. Ko shayi a tsaye take sha. Ni kam haushi take ba ni, don in ta kawo kwalba ba ta tafiya, sai ta tsaya a kanka tana kaɗa makullai.

Ran nan ta shigo tana haki, takalmi ɗaya a hannu. Kwalbar wata ɗaliba ce ta kawo, 'yar shekara sha tara, ƙari ya kama mata jakar ƙwai ta hagu, an cire. Likita ta ga ɗan tabo a ta dama, ta yanko kaɗan ta aiko. In ciwon ya kai can, haihuwa na iya kuɓuce mata. In bai kai ba, a bar mata abinta. Yarinya na kwance, ciki a buɗe, mu ake jira.

"Ɗan nan, yi maza."

"Gwaggo, sai naman ya daskare ake yankawa. Ki zauna mana."

"In zauna in yi me?"

Ta kai ƙofa ta dawo, ta sake komawa. Can, tana kallon taga, ta ce shekararta ashirin aka yi mata irin wannan aikin. Ta farka aka ce an kwashe duka, ta gode wa Allah da ta rayu.

"Na kuwa gode. Amma ni ba wanda ya aika kwalbata ko'ina."

Shekara sha ɗaya muna tare ban sani ba. Kunya ta rufe ni.

Likitan gwaji ya ɗago daga madubin ƙara girma ya ce babu komai. Kafin in kai hannu kan waya, ta fizge takardar sakamakon.

"Gwaggo, ai waya ta fi ki sauri!"

"Kira abinka."

Na kira ɗakin tiyata, suka fara ɗinki. Daga baya nas ɗin tiyata ta ba ni labari. Ta ce Ba-Zama ta iso da takardar da ba a buƙata, ta tambaya, "An bar mata?" Aka ce an bar mata. Sai ta jawo kujerar bakin ƙofa ta zauna.