Ranar da Muka Tone Lambatun Unguwarmu

Abubuwa da yawa sun wuce ta kaina a zaman da na yi a Azare, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da muka tone lambatun unguwarmu, ita kam ba na jin za ta bar raina har in koma ga Mahaliccina.

Ni 'yar Gamawa ce, aure ne ya kawo ni Azare. Unguwar da maigidana ya ajiye ni tana can gefen gari, a wani wuri mai ɗan kwari. Da rani ba ka da abin faɗa a kanta. Amma damina na faɗuwa sai zaman ya koma wani iri. Duk ruwan unguwannin da ke sama da mu wurinmu yake gangarowa, ya zo ya kwanta a layinmu har ya yi kore, ya fara wari. Yara su tafi makaranta da takalma a hannu. 'Yan acaɓa su sauke ka a bakin titi, su ce daga nan sai dai ka ƙarasa da ƙafa. Sauro kuwa ba a magana, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai zazzaɓi a kwance ba.

Akwai lambatu a layin, tsoho, tun kafin a kawo ni aka gina shi. Yashi da leda sun cike shi, ciyawa ta fito a kai, a wasu wuraren ma ba ka gane akwai shi. Kowa ya ɗauka cikewar nan ce matsalarmu, kuma kowa ya ɗora laifin a kan hukuma.

A ƙarshen layin akwai wata dattijuwa, Hajiya kawai muke ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata wani shago a jikin gidan, inda ta ajiye injin markaɗe, da shi take riƙe kanta da jikokinta. Iyayenta daga Barno suka zo, amma ita a Azare aka haife ta. Mace ce mai murya, ba ta iya ɓoye magana ba. In naƙuda ta tashi ita ake fara kira, in mace ta rasu ita ke yin wanka.

Wata rana bayan la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi. Katangar maƙwabciyata ta jiƙa ta faɗo a kan ɗakinta, ita kuwa tana jego, ko arba'in ba ta yi ba. Allah ya tsare jaririyar, amma uwar ta karye a ƙafa. A kan ƙyauren ƙofa maza suka fito da ita, ruwa har gwiwarsu, ni ina biye da jaririyar a cikin mayafina.

Washegari da safe mun taru a wurin markaɗe, kowa na jajantawa, sai Hajiya ta miƙa hannu ta kashe injin. Wurin ya yi tsit.

Ta ce, "Tun ɗazu nake jin ku, Allah ya kyauta, Allah ya kyauta. To kyautawar da hannun wa za ta zo? Jiya ƙafa ce. Gobe rai za mu jira?"

Daga nan abin ya fara. Muka riƙa bi gida-gida. A Islamiyyar matan aure maganar ke nan, a gidan suna ita ce, a gidan biki ita ce. Mazan da farko dariya suka yi mana. Maigidana ma cewa ya yi, "Ku da ko shebur ba ku iya riƙewa ba." Amma da suka ga ba wasa muke ba, kunya ta kama su. Liman ya yi maganar bayan sallah, matasa suka shigo, mai unguwa ya yarda zai shige mana gaba zuwa ofishin da abin ya shafa.

Na je tare da su. A can ma Hajiya ce ta yi bayani, kuma ba ta rage musu komai ba. Ta ce an manta da mu, an bar mu cikin ruwa kamar kwaɗi. Wani injiniya mai sanyin hali ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce in mutanen unguwa za su fito su yashe lambatun, shi zai zo da kansa, ya kuma nemo motar da za ta kwashe ƙasar. Muka dawo gida muna jin kanmu kamar mun ci yaƙi.

Aka sa ranar Asabar. Ban taɓa ganin unguwarmu haka ba. Tun da sassafe maza suka fito da diga da shebur da baro, har waɗanda ba sa ga maciji da juna suna miƙa wa juna kayan aiki. Mu mata muna ɗebo ruwan sha, muna zuba kunu. Hajiya ta ɗora tukunyar burabisko a ƙofar gidanta, ta ce ranar ba wanda zai ci abinci a gidansa. Ana tono ana raha, lambatun yana ta fitowa fili, mu ma muna mamakin ashe yana da zurfi haka.

Wajen azahar aikin ya iso ƙarshen layi. Kowa ya zaci lambatun zai karkata ya bi lungu, ya faɗa tsohon kududdufin da ke bayan unguwa. Bai karkata ba. Miƙewa ya yi sak har gindin bangon shagon Hajiya. Wani ya kai diga, sai muka ji ta yi ƙara ta dawo. Aka share ƙasar da hannu. Kankare ne da duwatsu, an zuba su da gangan an toshe bakin, aka ɗora ginin a kai.

Injiniyan ya zagaya bayan shagon da mutum biyu, suka ɗan tona, sai ga ɗaya bakin lambatun a bushe ƙayau, yana kallon kududdufi. Ya dawo yana goge hannu, ya ce a hankali, "Ko kun yashe shi kullum, ruwan ba shi da wurin fita. A nan yake tsayawa."

Hajiya tana tsaye da ludayi a hannu. Wurin da muka zauna muka ƙulla maganar, injin da kowacce mace a layin ke kawo wa markaɗe, ashe a kan maƙogwaron unguwar yake zaune.

Sai dai ba wannan ne ya fi girgiza ni ba. Abin da ya biyo baya ne.

Wani magidanci, wanda Hajiya ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansa, da kwanon abincinta a hannunsa ko cinyewa bai yi ba, ya ce, "Ashe ke ce. Kika ja mu har ofis muna zagin mutane, alhali ke kika kashe mu."

Kamar jira ake. Magana ta ɓarke ta ko'ina. Wannan ya ce ta sani, wancan ya ce munafunci ne. Sai na ji wata mata, wadda kullum tare muke zama a wurin markaɗe, ta ce, "Su dama ba 'yan garin nan ba ne. Me ya dame su in mun nutse?"

Na juya na kalle ta don in tabbatar ita ce ta faɗa. Ita ce. Matar da ake yi wa gorin gari, a garin aka binne cibiyarta, ta girmi mai maganar nesa ba kusa ba. Samari suka fara dukan ƙofar shagon da ƙafa. Babban ɗan Hajiya ya fito da sanda, idonsa ya yi ja. Na ratsa mutane na je na kama hannun Hajiya. Ya yi sanyi kamar an ciro shi daga randa.

Ba ta kula masu zagin ba. Mai unguwa ta nema da ido har ta same shi a baya.

Ta ce, "Malam, ka san da wannan?"

Kansa a ƙasa ya ce, "Marigayi mijinki ne ya yi, shekarar da kika tafi jinyar mahaifiyarki. Lokacin gidaje ba su kai haka ba, ruwan yana samun hanya ta fili. Da aka gine filin, shi ya riga ya rasu. Na ji nauyin in faɗa miki."

Ta ce, "Ka ji nauyi. Amma ka shige mana gaba har ofis."

Nan hayaniyar ta fara lafawa, don kowa ya ji da kunnensa.

Hajiya ta ajiye ludayin a kan murfin tukunya. Ta ce wa ɗanta, "Yar da sandar nan. Je ka kira mai gyara ya kwance injin." Ya fara cewa, "Hajiya, da me za mu..." ta kalle shi sau ɗaya, ya juya ya tafi.

Ta juya ga injiniyan. "In aka rushe, ruwan zai wuce?"

Ya ce, "Zai wuce, Hajiya. Amma ba dole sai yau ba. A zauna a yi shawara tukuna."

Ta nuna gabas da haɓa, inda hadari ya fara haɗuwa. "Wancan zai zauna shawarar da mu?"

Da aka fito da injin, ta karɓi diga a hannun wani saurayi. Da ƙyar ta ɗaga ta. Ta kai wa bangon duka, ɗan siminti kaɗan ya ɓalle ya faɗo. Ta sake ɗagawa, ta yi taga-taga. Sai mijin mai jegon nan, wanda duk cikinmu shi ya fi cancanta ya yi fushi, ya matso ya riƙe ƙotar.

Ya ce, "Kawo, Hajiya. Ki zauna."

Shi ya fara rushewa. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, ba raha, ba kallon juna, sai ƙarar diga. Ta zauna a kan turmi tana kallo har bangon ƙarshe ya faɗi. Ba ta yi kuka ba. Abincin nan haka ya huce a tukunya.

Hadarin ranar bai zubar ba. Sai bayan kwanaki aka yi ruwa mai yawa, muka fito ƙofar gida muna kallo. Ruwan ya bi lambatu da gudu, ya ratsa inda shagon yake a da, ya faɗa kududdufi. Kafin magariba ƙasar layinmu ta fito. Yara suna ta tsalle, amma mu manya ba wanda ya iya yin murna da ƙarfi.

Injin ya ƙare daminar a zauren Hajiya, an rufe shi da buhu. Da kaka muka haɗu, mata da wasu mazan, aka kafa mata rumfar kwano a ɗaya gefen gidan, ta ci gaba da sana'arta. Wasu sun je sun ba ta haƙuri. Mai kwanon abincin ya je. Matar da ta yi gorin gari ba ta taɓa zuwa ba, sai dai ta aiko da markaɗe, Hajiya kuma ta markaɗa mata kamar na kowa.

Amma Hajiyar da muka sani ba ta dawo ba. Daga baya mun sake haɗuwa a kan maganar bola, muka kuma nemi a sa mana fitilu a layi, duk an samu. Kowane karo na je na roƙe ta ta shige mana gaba. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ku je, 'yata, kun iya yanzu. Ni zan yi muku addu'a." Muryar nan da ta tashi unguwa guda, ban sake jin ta a taro ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, duk mai neman a gyara gari ya shirya jin cewa ɓarnar tana iya kasancewa a ƙofar gidansa, ko ta wanda yake ƙauna. In haka ta faru, ba a nan ake gane mutumin kirki ba, sai a abin da ya yi bayan ya sani. Mu kuma da ke tsaye a gefe, mu iya bakinmu lokacin da rai ya ɓaci. Mun samu busasshen layi, gaskiya ne. Amma cikin ɗan lokaci kaɗan, da bakunanmu, muka yi asarar matar da ta koya mana yadda ake nema.