Mutumin da Sotvoldi Ya Nausa

Wani gona ya gada, wani shago, shi kuwa Mamasoli na unguwarmu a garin Asaka abin da ya rayu a kai naushi ne guda ɗaya. Kuma ba shi ya kai naushin ba, shi aka kai wa.

Tun muna yara Mamasoli ƙato ne. Ba ƙarfi gare shi ba, jiki ne kawai Allah ya ba shi, shi kuma bai taɓa yi wa kyautar butulci ba, kullum cikin ƙara mata yake. Da ya gama makaranta aka ɗauke shi mai kula da sito a masana'antar man auduga, a nan ya yi aiki har ya yi ritaya. A zamanin Sobiyet, wata shekara umarni ya zo cewa kowace masana'anta ta tura 'yan damben boksin gasar da za a yi a Andijan. Aka samu na kowane aji, amma babu na ajin masu nauyi. Shugabanni suka zaga ko'ina ba su dace ba, sai da suka leƙa ɗakin cin abinci suka tarar da Mamasoli a kan kwano na biyu. Aka ɗora shi a sikelin da ake auna buhuna, aka ce an samu. Ya yi 'yan watanni yana dukan buhun yashi, aka saka masa safar hannu, aka tura shi fage.

Wanda ya tarar a fagen shi ne Sotvoldi, zakaran kwarin Fargana gaba ɗaya a lokacin. Ina cikin 'yan kallo, don haka ba labari aka ba ni ba. An kaɗa ƙararrawa, na sunkuya in gyara takalmina, ina ɗagowa na ga alƙalin wasa yana ƙirga wa Mamasoli. Da ya farfaɗo hancinsa ya koma yana kallon kunnensa na hagu, kuma har yau can yake kallo.

Wani da ya sha irin wannan sai ya ɓoye. Mamasoli ya mayar da shi sarauta. Likita ya taɓa cewa zai miƙar masa da hancin, ya ƙi. Matarsa Mastura ta yi roƙo har ta gaji, don minsharinsa maƙwabta ma sun san shi, ya ce mata ba a goge tarihi. A wurinsa Sotvoldi ne ɗan damben da ba a taɓa yin irinsa ba a duniya, fasfo kawai aka hana shi, da Amurkawa sun gane kurensu. Lissafin kuma mai sauƙi ne, kowa a cikinmu ya gane shi. Idan Sotvoldi ne gwarzon duniya, to Mamasoli mutum ne da ya tsaya gaban gwarzon duniya. Idan kuwa ba haka ba ne, mai sito ne kawai da aka kayar kafin mutum ya ɗaure igiyar takalmi.

Muna da gap ɗinmu, zaman abokai da muke yi kowane wata tun muna samari. Wanda layi ya zo kansa shi ke yanka rago ya dafa osh, dafa-dukan shinkafa da nama, a gidan shayin da ke bakin magudanar ruwa, mu baje a gadon katako mu ci mu yi gardama. Sauran mutane suna gardamar farashin auduga da auren 'ya'ya, mu kuwa tamu ɗaya ce, Mamasoli ya hana mu wata. Masu nauyi na da da na yanzu, su wa suka fi?

Ya raba duniya gida uku. Na zamaninsa maza ne, kitsen wutsiyar rago suke ci su ɗauki buhu. Na bayan samun 'yancin kai da dama-dama, sun ga ƙurar maza. Na yanzu kuwa buhunan fulawa ne, garin magani suke damawa su sha, kowane da likitansa da mai tausa, a shigo da su da kiɗa da hayaƙi kamar amare, su yi turmi goma sha biyu suna rungumar juna. Ko da yaranmu suka fara dawowa daga ƙasashen waje da lambar zinariya, gari ya cika da ƙahon motoci, Mamasoli ya kalli talabijin ɗin gidan shayi ya taɓe baki ya ce wanda aka doke ɗin ai da ma bacci yake ji. Idan ka kawo masa maganar tsawo da sauri da horo, sai ya bari ka gama, ya juya fuska gefe ya nuna hanci da yatsa.

“Wannan aikin hannun da ne,” in ji shi. “Ku nemo mini ɗaya irinsa a na yanzu.”

Ni dai na yi shekaru ina jan tasi, na ɗauki mahaukata na ɗauki 'yan siyasa, ban taɓa haɗuwa da mutumin da ke cin gardama da hanci ba sai shi. Abin yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba.

Wanda ya ɓallo ruwan shi ne Turgun, mai saka wa mutane haƙoran zinariya, wanda bakinsa ya fi na kowa kaifi a cikinmu. Wata rana ya ce wani da ya zo gyaran haƙori ya gaya masa Sotvoldi yana nan da rai, a wani ƙauye wajen Kurgantepa, yana kiwon zuma. Ashe duk shekarun nan Mamasoli bai taɓa neman gwanin nasa ba, ga shi tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Turgun ya ce tunda wata mai zuwa layin Mamasoli ne, sai ya gayyato shi, a ji daga bakin mai ita. Muka taya shi da zuga. Da Mamasoli ya ce tsohon ba zai iya tafiya ba, da magana ta mutu. Amma ya daki ƙirji ya ce zai kawo shi, mu shirya kunyarmu. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ranar zaman tun da hantsi Mamasoli yake gaban tukunya. Jar shinkafa ya saya, mai tsadar nan, ya yanka ragon da yake ta kiwo don bikin jikarsa. Ya tura babban ɗansa da mota. Wajen azahar motar ta tsaya, aka buɗe ƙofa, wani ɗan tsoho siriri ya fito da ƙyar, hularsa ta yi masa yawa, na'urar ji a kunne, ya rungume kwalbar zuma. Mamasoli ya gaishe shi sama-sama, ya leƙa ta saman kansa cikin motar yana jiran wanda zai fito. Babu kowa sai ɗansa da ya tuƙo motar.

A wurinmu baƙo ya fi uba girma. Ana kai shi can ƙurya, nesa da ƙofa, a jera masa matasai. Mai masauki ba ya zama da kyau, a gefe yake durƙusawa yana zuba shayi, hannun hagu a ƙirji. Kuma ba ya musa wa baƙonsa, ko da baƙon ya ce rumman a ƙarƙashin ƙasa yake nuna. Mamasoli ya san wannan sarai, tunaninsa dai bai taɓa kai shi ga cewa dokar za ta iya cin sa ba.

Aka ci aka sha, aka shafa fatiha. Tsohon mutumin kirki ne, mai fara'a, ya yaba shinkafar har sau biyu. Sannan Turgun ya gyara zama, ya sa muryar ladabi irin ta mugunta, ya ce aka, wato yaya, muna da wata 'yar gardama da ta fi ƙarfinmu. Ya maimaita da ƙarfi saboda kunnen.

Sotvoldi ya yi dariya har da tari. Ya ce babu wasan da yake wuce shi, a wayar jikansa yake kallo.

“Yaran nan na yanzu? Ai da sun same mu, da sai dai a kwashe mu a bargo.”

Mamasoli ya miƙa masa shayi. “Haka ne, aka,” ya ce.

Tsoho ya ji daɗin samun masu sauraro, ya ci gaba. Ya ce nauyinsa a lokacin, yau ko ƙofar ajin masu nauyi ba za a bar shi ya leƙa ba. Ya ce a duk kwarin masu nauyin gaske ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, sauran duk 'yan dako ne da masu dafa abinci da masana'antu ke turowa don a cika suna. Rabin aikinsa shi ne ya gama da su da wuri kada su ji ciwo da yawa, don washegari suna da aiki. Ya ce sau ɗaya aka kai shi Tashkent, wani soja ya yi masa dukan da ya sa ya shiga jirgin ƙasan da ba nasa ba. Bayan kowace magana sai ya waiwayi mai masaukinsa, Mamasoli kuma ya dafa ƙirji ya ce haka ne. Turgun ya cusa gurasa a baki don kada dariya ta kufce masa.

Can Mamasoli ya yi ta maza. Ya matso, ya ce amma aka, nauyin hannu fa, na da daban ne. Ya juya fuska gefe yadda ya saba. Tsohon ya ƙura wa hancin ido, ya girgiza kai cikin tausayi, ya tambayi wanda ya yi masa wannan aika-aika.

“Kai ne, aka. A Andijan.”

“Ni?” Ya yi ta tunani, da gaske yake nema, bai samu ba. “Ka yafe mini, ƙanena. Kuna da yawa.”

Sannan ya dafa gwiwar Mamasoli ya ce akwai likitoci yanzu da ke gyara irin wannan a yini guda, aikin zamani ai ba a magana.

Shekara da shekaru nake jiran ranar da za a rufe wa Mamasoli baki, ga ta ta zo, amma dariyar ta ƙi zuwa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da nake jin tausayin. Shi kuwa yana durƙushe da buta a hannu, gumi na bin wuyansa, yana ta cika kofunan da ba wanda ya taɓa.

Da la'asar baƙo ya ce zai koma. Babban baƙo ba ya fita haka nan, dole mai masauki ya yafa masa capan, doguwar rigar nan mai auduga, a gaban kowa, da hannunsa. Na ga Mamasoli yana yi wa ɗansa alama da ido ya bari, amma yaron bai gane ba, ya riga ya taho da ƙunshin a hannu biyu. Daga baya tela ya gaya mana yadda aka yi. Da ya nemi awo, Mamasoli ya ce ba ya buƙatar awo, ya san mutumin. Ya ware hannuwa iya warewarsu ya ce ga kafaɗa, ya yi ɗage ya ɗaga hannu sama ya ce ga tsawo. Karan-miski kore, da aikin zare a wuya. Tela ya ce bai taɓa yanka yadi mai yawan haka don mutum ɗaya ba.

Mamasoli ya warware rigar ya yafa masa. Kafaɗun suka sauko har gwiwar hannu. Hannayen rigar suka wuce yatsu suna reto, gindinta ya taru a ƙasa. Abin da ake gani na Sotvoldi hula ce da gemu. Babu wanda ya yi dariya, har Turgun.

Tsohon ya dubi kansa, ya ɗaga hannu ɗaya, yadin ya bi shi yana lilo.

“Anya ba ta wani ba ce aka ɗauko?”

“Taka ce, aka,” in ji Mamasoli. “Haka kake a lokacin.”

Sotvoldi ya yi murmushi, ya lalubo hannunsa daga cikin yadin ya riƙe na Mamasoli.

“Allah ya saka da alheri, ƙanena. Amma ko a lokacin ban cika wannan ba.”

Mamasoli ya daɗe yana kallonsa, daga hula har ƙasa. Shayi ya ƙare, an shafa fatiha, baƙo yana bakin ƙofa, babu sauran dokar da ta tilasta masa cewa komai.

“Haka ne, aka,” ya ce.

Ya sunkuya ya tattare gindin rigar don kada ta sha ƙasa, ya bi tsohon a baya har mota.