Waya a ƙeyata

Ciwon kai ya riga maigidana zama da ni. Idan ya taso daga ƙeya ya sauko ido, ko tsinken kitso ba na iya gani, ga shi kitso ne sana'ata. Na sha ƙwayoyi har cikina ya ƙi su, wanzami ya yi mini ƙaho, na ɗaure kai da ɗankwali har goshina ya yi shaida. Duk a banza.

Da maigidan ya samu aikin tuƙi a Abuja muka kama haya a unguwar Kwamba, sai ya kai ni wani asibiti can. Likita ta ba ni 'yar na'ura mai batir kamar ƙaramar rediyo, da wayoyi biyu da ake liƙawa a ƙeya. Tana ɗan tsikarar jijiya, yar-yar kamar tafiyar tururuwa. Ciwon bai sake ni ba, amma ya yi sauƙi, har ina iya yini a zaune ina aiki.

Wata rana maƙwabciyata ta leƙo neman ashana, ta gan ni da waya a ka. Mu kuwa a saninmu mai taɓin hankali kaɗai ake jona wa lantarki a ka. Ta baza zancen, kafin mako ya zagayo ba mai zuwa tabarmata. Wa za ta miƙa kanta ga mahaukaciya mai tsinke a hannu? Na yi kuka, daga baya zuciya ta ɗebe ni.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗage ɗankwali, na liƙa wayoyina a gaban kowa, na kunna. Ƙanwata ta zauna na fara mata shuku. Masu wanki suka bar wanki suka zuba ido.

Hajiya mai gidan hayar ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke 'yar nan, ba ya shokin ɗinki?"

"Hajiya, taɓa ki ji."

Ta sa yatsa ta janye. "Au, ɗan wannan ne lantarkin?" Sai ta sunkuya ta daɗe tana duban tsagar da nake yi, ta zunguri ƙanwata. "Tashi, ke kya jira."

Ta cire ɗankwalinta ta zauna tsakanin gwiwoyina. Gashin duk furfura, bai cika tafin hannu ba. Na yi wa amare kitso ba adadi, amma ban taɓa alfahari da wani kamar wannan ba.