Randar Ushafa da ta tsallaka boda ba tare da Babana ba

Shekarun baya, lokacin da na gama sakandare ina zaune a gida ina addabar kowa, Babana ya ce in shirya mu je Maradi gaida kakata. Direban tirela ne, yana ɗaukar kayan gini daga kasuwar Dei-Dei a Abuja. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Kowa a gidanmu ya san Baba ba ya tsallaka boda. An taɓa kama shi can wajen Damagaram da ƙwayoyi a ƙarƙashin buhunan da mai kaya ya loda masa. Ya yi zaman gidan yari, da ya fito aka ce kada ya sake taka ƙasar. Tun daga nan, in ya kai Jibiya sai ya miƙa wa wani direba makulli. Kaka ce kaɗai ba ta sani ba. An ce mata aiki ne ya riƙe shi a Legas, aka ci gaba da cewa haka.

A wannan karon ya ce zai gwada, wataƙila an manta. Har Ushafa, garin masu ginin tukwane, ya je ya sayo mata randa, don ita ba ta shan ruwan firji. Ya naɗe ta da bargonsa ya ɗora mini a cinya. Tun daga Zuba nake mita.

"Baba, Maradi ba su da tukwane ne?"

"Riƙe dai, Uwata. Bakinki ya fi injin nan zafi."

Ba a manta ba. Da muka isa boda, jami'in ya duba kwamfuta, ya dubi Baba, ya ce, "Malam, mota ta wuce, yarinya ta wuce. Kai ka koma." Ko tsawa bai yi ba. Baba ya ce, "To, oga," kamar an ce masa shayi ya ƙare.

Ni ce na haukace. Na ce ga 'yan acaɓa can suna bi ta daji, ya hau ɗaya mana! Ya ce in aka sake kama shi, wa zai riƙe mu? Sai ya ja ni gefe.

"Ki ce mata mota ce ta lalace. Kada ki faɗa mata."

"Baba, ƙarya ce fa."

"Na sani. Ba na so ta mutu tana ganina da kayan fursuna. Ki yi mini alkawari."

Na yi.

Wani direba ya ƙarasa da ni Maradi. Na sami Kaka a kan tabarma, ta rame sosai. Ba ni ta fara kallo ba, bayana ta leƙa. Na sauke randar, na karanto mata zancen mota. Ta shafa bakin randar ta ce, "Takwara, tukunya ta iya zuwa daga Abuja ba ta fashe ba, shi ne bai iya ba?"

Wallahi maganar ta zo mini har wuya. Ni da na taɓa ce wa malaminmu darasinsa barci yake sa mu, ni da ake rufe ƙofa in za a yi sirri a gida. Ranar na haɗiye. Na ce, "Zai zo, Kaka."

Ta ce, "Uhm. Ya yi nisa dai."

Damina ba ta fita ba ta rasu. Baba ya karɓi gaisuwa a gidanmu, nan Jiwa. Gwaggona ce ta zo daga baya da randar, ta ce ko ɗigon ruwa Kaka ba ta bari an zuba ba, wai sai mai ita ya zo ya cika mata da hannunsa.

Har yau ban ga laifin Baba ba, kunya ce ta ɗa a gaban uwarsa. Amma na san tsohuwar nan. Da ta ji gaskiya, za ta yi kuka, ta zage shi, sannan ta sa a ɗora ta a amalanke har bakin boda. Tsakaninsu ranar bai kai tafiyar Jiwa zuwa Abaji ba. Sau ɗaya na riƙe bakina a rayuwata, kuma ita ce ranar da ya kamata in sake shi.

Randar tana ɗakin Baba yanzu. Rannan da zafi ya yi yawa na ɗauko bokiti zan cika ta, ya riƙe hannuna.

"Bar ta, Uwata. Ba taki ba ce."